Dokin da ya saba da ƙarar bindiga da wanda ya ƙara tsorata

Tambaya: Ina da doki a Daura wanda a hawan Sallar bara aka harba bindiga dab da shi, har tartsatsin albarushi ya ƙone shi a wuya. Tun daga ranar, ko ƙyaure aka buga da ƙarfi sai ya yi tutsu, alhali dawakin da ke bin bayan Sarki suna jin wannan ƙara duk shekara ba sa ko kaɗa kunne. Me ya bambanta su?

Amsa: Malam, dokinka da waɗancan dawaki duka darasi suka koya, sai dai kowanne da abin da aka koya masa. Idan ƙara ta yi ta maimaituwa ba tare da wani ciwo ya biyo baya ba, dabba takan rage zabura sannu a hankali har ta daina kulawa, kuma wannan shi ne sabo. Manomi ya san shi, domin mutum-mutumin da ya kori tsuntsaye a makon farko, in aka bar shi wuri ɗaya, a kansa za su riƙa sauka kafin dawa ta nuna. Sabon nan ba gajiya ba ne, ba kuma kurumta ba ce, tun da dokin da bindiga ba ta dame shi ba yana iya firgita da ƙaramar ƙarar da bai taɓa ji ba.

Abin da ya sami dokinka shi ne kishiyar sabo. Ciwo mai tsanani yakan sa jijiyoyi su ƙara kaifi, ta yadda abin da dabba ba ta kula da shi a da zai riƙa tayar mata da hankali, kamar yadda ake cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Masanin nan na Amurka, Eric Kandel, wanda ya samu kyautar Nobel a shekarar 2000, ya nuna yadda hakan ke faruwa a jikin wani dodon koɗi na teku mai manyan ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000. Idan aka taɓa shi yakan janye gaɓar numfashinsa, amma da aka yi ta taɓawa sai janyewar ta ragu, saboda jijiyar da ke jin taɓawar ta rage sinadarin da take aikawa ga jijiyar motsi. Da aka ba shi ɗan lantarki a jela kuwa, sai wani sinadari mai suna sirotonin ya ƙarfafa wannan saƙo, har taɓawa kaɗan ta sa ya janye da ƙarfi.

Saboda haka ina roƙonka ka ajiye bulala idan ya yi tutsu, domin duka ciwo ne a kan tsoro, kuma ƙara kaifafa jijiyoyin yake yi. Ka fara da ƙara mai rauni daga nesa yana kan turkensa yana cin harawa, ka maimaita kullum, kada ka matso sai ka ga ya daina ɗaga kai daga abincinsa. In an yi dogon hutu tsoron yakan ɗan dawo, sai ka koma matakin baya. Idan Sallah ta ƙarato bai natsu ba, ka bar shi a barga bana.