Babin naka bai ɓata ba tukuna, ga inda za ka leƙa

Wa alaikumus salam, Malam. Tun bayan Isha na ga tambayarka, sai yanzu na rufe shago na samu zama. Ka ce mushrif ɗinka, wato malamin da ke duba risalar digirinka, ya turo maka babi na uku a saƙon imel ta Outlook, ka buɗe shi daga cikin saƙon, ka wuni kana gyara, ka adana, da gari ya waye ka nema ko sama ko ƙasa. An ce maka yana cikin Temporary Internet Files, kai kuma ka birkice kwamfutar ba ka ga folda mai wannan suna ba.

Shekarata tara ina buga takardu da gyaran kwamfuta a wani shagon hidimar ɗalibai a nan Madina, kuma duk ƙarshen zango sai an kawo min irin wannan kukan. Kafin komai, don Allah kada ka yi wa kwamfutar shara. Kada ka taɓa Disk Cleanup, kada ka bar wani a ɗaki ya ce bari ya wanke maka ita ta yi sauri. Saƙon ma kada ka sake buɗe shi. Inda fayil ɗin yake, wurin ajiyar wucin gadi ne, shi tsintsiya ke fara bi.

Fara da mai sauƙi. Buɗe Word, ka duba jerin fayilolin da aka buɗe kwanan nan. In babin na nan, buɗe shi, ka sake adana shi a kan tebur da sabon suna, magana ta ƙare. In babu, sai mu shiga ciki.

Wanda ya faɗa maka sunan foldar bai yi ƙarya ba, tsohon yayi ya ba ka. A zamanin Windows XP da Windows 7 haka sunanta yake. Daga Windows 8.1 aka mayar da ita INetCache, kuma haka take a 10 da 11. Tana zaune a cikin AppData, ita kuma AppData a ɓoye take. Ɓoyon ma hawa biyu ne, nan mutane ke faɗuwa. Za ka shiga View ka kunna Hidden items, in Windows ɗinka na Larabci ne kamar yawancin waɗanda ake sayarwa a nan, عرض ne sannan العناصر المخفية. AppData za ta fito, ka ɗauka an gama. Amma INetCache da abin da ke cikinta ba za su fito ba, domin an yi musu alamar fayilolin tsarin kwamfuta ne, wannan kuma makullinsa daban a cikin Folder Options.

Ni ba na ma wahalar da kaina da wannan makulli na biyu, kuma ba na son ɗalibi ya buɗe shi ya manta, gobe ya goge abin da zai hana kwamfutar tashi. Adireshin nake bugawa kai tsaye. Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta wannan:

%LocalAppData%\Microsoft\Windows\INetCache\Content.Outlook

Za ka ga folda ɗaya, wani lokaci biyu, da suna marar kan gado, haruffa da lambobi takwas a cakuɗe. Shige ta. Duk abin da ka taɓa buɗewa daga cikin saƙo a tsohon Outlook, wanda ke zuwa tare da Office, nan ake fara sauke shi. Kada ka bi suna, bi ranar da aka yi gyaran ƙarshe, saboda in ka buɗe fayil ɗin sau da yawa za ka tarar da shi kashi-kashi, an maƙala wa kowanne lamba a ƙarshe.

Bara wani yaro ya zo min saura mako biyu munaƙasharsa, wato zaman kare risalarsa, idonsa jawur, kwamfutar a cikin ledar kanti ko jaka bai tsaya ɗauka ba. Muka tarar da babin har kwafi biyar. Huɗu na farko duk na mushrif ne da jan rubutunsa, ba a taɓa komai ba. Na biyar, wanda aka gyara ƙarfe biyu da 'yan mintoci na dare, shi ne nasa. Ya zaro riyal hamsin, na ce ya mayar aljihu ya je ya yi barci. Amma a makon nan ɗin wani ya zo da matsala iri ɗaya, sai dai shi abokinsa ya riga ya yi masa shara. Muka duba, fayau. Sake bugawa ya yi daga takardar da ya yi wa gyara da biro.

In foldar ta ƙi buɗewa, rubuta cmd a wurin da ka rubuta na farko, baƙin allo zai fito, ka sa wannan:

dir /a /s "%LocalAppData%\Microsoft\Windows\INetCache\*.doc*"

Shi baƙin allo ba ruwansa da ɓoyo, duk takardar Word da ke ƙarƙashin wurin zai zayyano maka ita da cikakken adireshinta.

Abu ɗaya ne ban gane ba a tambayarka: Outlook ɗin na kan kwamfuta ne, ko ta burauza kake shiga imel ɗin jami'a? In ta burauza ne, duk abin da na faɗa a sama ba naka ba ne. INetCache gidan Internet Explorer ne, wanda aka yi wa ritaya a watan Yuni na 2022, Office kawai ke raɓe a ciki. Chrome da Edge kowa da nasa rumbun. Rubuta chrome://version a Chrome zai nuna maka inda kayanka suke, a ciki akwai folda mai suna Cache. Sai dai kada ka sa rai. Abin da za ka gani data_0 ne, data_1, f_00001a da 'yan uwansu, babu sunan kirki, kuma da yawa a matse suke. Akwai ƙaramar manhaja ta NirSoft, ChromeCacheView, da ke iya karanto su, na sha ciro hotuna da ita. Amma gyaran da ka yi a Word ba ya komawa can ko kaɗan. Kai Ctrl da J za ka danna, jerin abin da ka sauke ya fito, galibi babin na kwance a Downloads da gyaranka a ciki.

Gwada ka faɗa min abin da ka gani, da kuma Windows ɗin da kake da shi. In ya gagara, kashe kwamfutar ka kawo min bayan La'asar, kafin masu buga bahasi su cika shagon. Ka taho da cajarta da filas.