Tambaya da Amsa: Ɗana Zai Zauna a Harlem, Shin Tsadar Haya Tana Sayen Tsaro?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya samu gurbin karatun digiri na biyu a birnin New York, ya kuma samu ɗaki a unguwar Harlem, kusa da Titi na 116, a kan kuɗin da za mu iya biya. Wani ɗan'uwana da ya zauna a Amurka a shekarun 1980 ya rantse mini cewa unguwar matattarar 'yan ƙwaya ce da 'yan bindiga. Wani dillali da yaron ya samu a intanet ya ce haka ne, amma akwai sabon bene da Turawa masu hali suka tare a ciki, da maigadi da kyamarori, kuma can ne kaɗai ake kwana da ido biyu rufe, sai dai hayar ta ninka. Mahaifiyarsa ta daina barci, ni kuma ina shirin sayar da filina. Shin in sayar? Daga wani uba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sayar da filinka, kuma ka kwantar wa Hajiya da hankali. Ɗan'uwanka bai yi ƙarya ba, sai dai labarin da ya kawo maka ya haura shekara talatin da tsufa. A 1990 an kashe mutum 2,245 a birnin New York, kuma Harlem tana cikin unguwannin da abin ya fi muni. A wannan shekarar ce wasu likitoci biyu na asibitin Harlem suka wallafa binciken da ya nuna cewa namiji baƙar fata a unguwar bai kai namijin Bangaladash damar ganin shekara 65 ba. Amma a 2017 kisan kai a faɗin birnin, mai mutum sama da miliyan 8, ya sauko ƙasa da 300. Ya sake ɗagawa a 2020 da 2021, bai dai kai 500 ba, sannan ya ci gaba da raguwa.

Maganar dillalin ce ta fi damuna, domin ita ce muguwar fahimtar da nake karo da ita kullum a wannan aiki namu na tsara birane, a bakin iyaye, a bakin dillalai, har a bakin manyan jami'an gwamnati masu sa hannu a takardar rusau. Fahimtar ita ce talaka shi ne tushen laifi, mai kuɗi kuma shi ne maganinsa, saboda haka da zarar masu hali sun shigo unguwa tsaro ya biyo su. Tarihin Harlem kansa ya ƙaryata wannan tun daga tushe.

Ka dubi yadda unguwar ta lalace. Tun a shekarun 1930 hukumomin rance na gwamnatin Amurka suka riƙa shafa jan launi a taswirar unguwannin baƙar fata, alamar cewa wurare ne masu haɗari ga mai ba da bashi, sai bankuna suka janye hannu. Gidan da ba a samun rancen gyaransa, rufinsa zai yi yoyo, tukunyar ɗumama ɗakuna za ta mutu a tsakiyar hunturu. Masu gidajen, waɗanda yawancinsu ba a unguwar suke zaune ba, suka ci gaba da karɓar haya ba gyara, da abin ya daina biya musu sai suka daina biyan haraji suka yi watsi da gine-ginen, wasu ma aka cinna musu wuta don a karɓi kuɗin inshora. A 1975 birnin ya kusa tsiyacewa, aka sallami dubban 'yan sanda da malamai, aka rage 'yan kwana-kwana a unguwannin da gobara ta fi ci. A cikin shekarun 1970 kaɗai tsakiyar Harlem ta rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na mazaunanta, kuma zuwa shekarun 1980 fiye da rabin gidajen unguwar sun koma hannun hukumar birni saboda bashin haraji. A cikin waɗannan kangaye ne hodar iblis da ake dafawa a sayar da arha ta samu masauki a tsakiyar shekarun 1980. Kango ya riga ɗan ƙwaya zuwa, kuma ba talakan da ke haya ne ya mayar da gidan kango ba.

Sai ka dubi yadda ta farfaɗo, domin a nan ne dillalai suke juya labarin. Kisan kai ya fara raguwa tun daga 1991, alhali manyan kantuna da benaye masu gilashi sai a ƙarshen shekarun 1990 da bayan 2000 suka soma yawa. Tsohon shugaban ƙasa Bill Clinton ya buɗe ofishinsa a Titi na 125 a 2001, kantin Whole Foods mai sayar da kayan abinci masu tsada kuwa sai a 2017 ya iso. Laifi ya kuma ragu sosai a kudancin Bronx da gabashin Brooklyn, wasu sassan birnin, inda masu kuɗi ba su leƙa ba a lokacin. Wato tsaro ne ya fara zuwa, masu kuɗi suka ga wuri ya yi lafiya, ga jirgin ƙarƙashin ƙasa da zai kai su tsakiyar Manhattan cikin 'yan mintuna, ga gidaje masu arha, suka biyo baya.

Su wane ne suka yi aikin? Masana har yau suna jayayya kan rabon kowa, kuma ba zan rage wa 'yan sanda nasu ba, domin sun ƙaru, sun kuma koma bin alƙaluman laifi unguwa-unguwa daga 1994. Annobar hodar ita ma ta lafa. Amma akwai waɗanda ba a cika ambata ba. Shirin gidaje na shekara goma da magajin gari Ed Koch ya fara a tsakiyar shekarun 1980, wanda ya ci kimanin dala biliyan 5, ya mayar da dubban kangaye gidajen zama. Majami'ar Abyssinian da ke Harlem ta kafa hukumar gine-ginenta a 1989, ta shiga gyaran gidaje. Masu haya suka haɗa kai suka karɓi ragamar benayen da masu su suka gudu suka bari. Mata suka share filayen da suka zama juji suka mayar da su lambuna. Baƙi daga Senegal da Gini da Mali da sauran ƙasashenmu na Afirka ta Yamma suka kama shagunan da ke rufe a Titi na 116, suka buɗe gidajen abinci da wuraren kitso da shagunan atamfa a lokacin da mai kuɗi ba ya yarda ya bi ta titin da mota. Waɗannan su ne mutanen da dillali yake nuna wa ɗanka a matsayin haɗari.

Bincike ma yana goyon bayansu. Masanin zamantakewa Robert Sampson da abokan aikinsa sun nuna a Chicago a 1997 cewa unguwar da maƙwabta suka yarda da juna, suke kuma iya tsawatar wa yaron da ba nasu ba, ta fi ƙarancin tashin hankali ko da talauci ya yi mata katutu. A Philadelphia an yi gwaji, aka share kangon filaye aka shuka ciyawa aka kewaye su da ɗan shinge, harbe-harbe suka ragu da kusan kashi 29 cikin 100 a unguwannin da suka fi talauci, ba tare da an kori kowa ba. Kai da ka tashi a Zariya ka san wannan ba sai an karanta maka ba: layin da dattawa suke zama a dakali har bayan isha'i, ɓarawo ba ya son bi ta cikinsa, ko da gidajen na ƙasa ne.

Abin da ya sa nake zafi a kan wannan magana shi ne ɓarnarta ba ta tsaya a aljihun iyaye ba. Da ita ake halatta korar mutane. Da ita gwamnatin soja ta Legas ta rushe unguwar talakawa ta Maroko a watan Yulin 1990, ta watsa mutum kimanin 300,000 bayan wa'adin kwana bakwai, filin ya koma unguwar masu hannu da shuni. A Harlem ba a kawo katafila ba, haya ce take yin aikin a hankali. Tsohuwar da ta jure shekarun gobara da harsashi, ita ce yau mai gida yake ƙin gyara mata famfo don ta gaji ta tashi ya sa sabon farashi. Unguwar da a 1950 kusan duk mazauna tsakiyarta baƙar fata ne, yau kasonsu ya ragu ƙwarai. Makaɗan da suka shafe shekaru suna taruwa a dandalin Marcus Garvey ranar Asabar sun wayi gari sababbin maƙwabta suna kai ƙararsu saboda ƙara. Ina kiran wannan zalunci, ko da doka ta yarda da shi.

Akwai kuma wani ɓangaren tsaro da dillali ba zai gaya maka ba. Ɗanka baƙar fata ne, matashi, baƙo. A 2011 kaɗai 'yan sandan birnin sun tare mutane a titi sun bincike su sau sama da 680,000, galibinsu baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka, kuma kusan tara cikin goma ba a same su da laifin komai ba. Kotu ta ce yadda ake yin abin ya saɓa wa tsarin mulki a 2013, aka rage shi matuƙa, laifi kuma ya ci gaba da sauka. A benen da babu wanda ya san sunansa, yaronka yana iya zama wanda ake kallo da zargi. A layin da mai shago ya san fuskarsa, idan ya kwana biyu bai fito ba za a tambaya.

Ban ce Harlem ta zama aljanna ba. Akwai kusurwoyin da har yau ake shaye-shaye a fili, kamar mahaɗar Titi na 125 da titin Lexington, akwai ƙwacen waya, akwai rikicin ƙungiyoyin matasa a kewayen wasu rukunin gidajen gwamnati. Amma laifi ba ya mamaye unguwa gaba ɗaya. Binciken masanin laifuka David Weisburd a birnin Seattle ya gano cewa kusan rabin laifukan birnin a kan kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na layuka suke faruwa. Saboda haka layi ake dubawa, ba sunan unguwa ba, ba kuma farashi ba.

Ka umarci yaron kada ya tura wa kowa ko sisi kafin shi ko wani amintacce ya shiga ɗakin da ƙafarsa, domin cinikin biri a sama shi ne babbar hanyar da ake damfarar ɗalibai baƙi, kuma dillalin da ya fara da tsoratarwa ya cancanci a yi masa kallo biyu. Dokar jihar New York ta 2019 ta hana karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar wata ɗaya. Ya je layin da rana, ya koma da misalin ƙarfe goma na dare, ya ga ko fitilu suna ci, ko shaguna a buɗe suke, ko mata da yara suna wucewa hankali kwance, ko ƙofar shiga benen tana kulluwa da kanta. Ya auna tafiyar da ke tsakanin gidan da tashar jirgi. Rundunar 'yan sandan birnin tana wallafa alƙaluman laifi na kowane caji ofis duk mako a shafinta, ya duba na yankin da kansa. Sannan ya yi sallar Juma'a a Masallacin Malcolm Shabazz da ke kan Titi na 116 ɗin, ya gaisa da dattawan da suka daɗe a wurin, ya faɗa musu lambar gidan, ya saurari abin da za su ce. Idan ofishin kula da ɗalibai baƙi na jami'arsa yana duba takardar yarjejeniyar haya, ya kai musu kafin ya sa hannu. Allah Ya tsare shi, Ya ba shi abin da ya je nema.