Faifan yankan ƙarfe ya fashe a shagonmu, amma bai raunata kowa ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai koyon walda ne a Kaduna. Kwanan baya wani abokin aikina yana yankan rodi da ƙaramin injin hannu, sai faifan ya tarwatse, wani ɓallinsa ya wuce ta gefen kunnensa ya huda kwanon rufin shagon. Maigidanmu ya ce tunda Allah ya kiyaye a ci gaba da aiki. Injin ba shi da murfin kariya, domin an cire shi don a riƙa ɗaura masa babban faifai. Hankalina bai kwanta ba. Me ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Muna taya ku godiya ga Allah da abokin aikinka ya tsallake rijiya da baya, amma rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya, domin hatsarin ya riga ya auku, tazarar ɗan yatsa ce kawai ta raba ɓallin da idonsa ko jijiyar wuyansa.

Musabbabin yana cikin wasiƙarka. Ƙaramin injin da aka ƙera domin faifai mai inci 4 da rabi yana juyawa kimanin sau 11,000 a minti ɗaya, alhali faifai mai inci 7 iyakarsa sau 8,500 ne, mai inci 9 kuwa bai wuce 6,600 ba. Idan aka cire murfi aka ɗaura babban faifai a kan ƙaramin inji, an tilasta masa gudun da ya fi ƙarfinsa, kuma an kawar da abu ɗaya tilo da zai tare ɓaraguzansa. Ko a gudun da aka amince masa, bakin faifan yana tafiyar mita 80 a daƙiƙa guda, wato kusan kilomita 290 a awa. Wannan adadin juyawa a rubuce yake a fuskar kowane faifai na ƙwarai da kuma jikin injin, sai dai ba kasafai ake dubawa ba.

Ka nemo ragowar faifan ka duba zoben ƙarfen da ke tsakiyarsa, inda akan buga wata da shekarar da wa'adinsa zai ƙare, galibi shekara uku daga ƙerawa, saboda ƙaron da ya haɗe shi yana raunana, musamman idan ya sha damshin damina a ƙasan shago. Ka kuma tambayi abokin naka cikin natsuwa ko ya karkata injin a tsakiyar yanka, ko rodin ya motsa ya matse faifan, ko an taɓa goge ƙarfe da gefensa, domin siririn faifan yanka ba ya jure dannawa ta gefe. Kada tambayar ta zama tuhuma. Yaron da aka yi wa tsawa yau, gobe zai ɓoye abin da ya same shi, shago kuma ya rasa darasin.

Game da maigida, kada ka yi masa gardama a gaban yara ko masu kawo aiki. Ka keɓe da shi, ka nuna masa hudar kwanon da lambobin juyawa biyun nan, na fuskar faifan da na jikin injin, ka roƙe shi a mayar da murfin a kuma daina amfani da injin kafin nan. Dogaro ga Allah bai hana ɗaure raƙumi ba, kuma Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu hatsari.

Daga yanzu ku zare filogi kafin sauya faifai, ku bar sabon faifai ya juya na minti ɗaya ba tare da ya taɓa komai ba, kowa ya kauce daga saitinsa, ku ɗaure ƙarfen da za a yanka da kyau, sannan ku sanya tabarau tare da garkuwar fuska, ku kuma guji riga mai faɗi da ke reto. Ina kuma ba da shawarar ku ajiye ɗan littafi a shagon, a riƙa rubuta duk abin da ya kusa jawo rauni da abin da aka gyara a kansa, a karanta wa kowane sabon yaro ranar da aka kawo shi koyon sana'a.