Gogen da na haɗa a sintesaiza ba shi da rai, ina gyaran yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa kiɗa da sintesaiza, wato na'urar ƙirƙirar sauti, a wani ɗan situdiyo a Kano. Na iya saita A, D, S da R, amma duk sautin da na haɗa, musamman mai kama da goge, sai ya fito a sandare. Ko na danna a hankali ko na buga da ƙarfi, abu ɗaya nake ji. Akwai shafin da ake sa matakan ƙara da lokutansu su riƙa canzawa, amma ban san ta inda zan kama ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, saitinka ba shi da laifi, tsayawarsa wuri ɗaya ce matsalar. Haruffan nan huɗu suna zana rayuwar sauti ne: A shi ne lokacin da ƙara ke ɗauka kafin ta kai ƙololuwa, D lokacin saukowarta, S matakin da take tsayawa muddin yatsanka na kan maɓalli, R kuma lokacin da take ɗauka ta ɓace bayan ka saki. Uku lokaci ne, S kaɗai ce mataki. Tsarin ya samo asali ne a shekarun 1960, a aikin Robert Moog da shawarar Vladimir Ussachevsky a Amurka, kuma raunin da aka haife shi da shi yana nan har gobe: zane ɗaya yake bai wa kowace dannawa.

Mai goge kuwa ba ya jan izga iri ɗaya sau biyu. In ya ja a hankali, sautin rarrafowa yake yi. In ya fizga, nan take yake cizo. Wato ba ƙara kaɗai ke bambanta ba, har da saurin isowarta, kuma a nan yawancin masu haɗa kiɗa ke yin sakaci. Sukan ɗaura ƙarfin bugu a kan ƙara su tsaya, sai a sami sauti ɗaya, wani lokaci sama wani lokaci ƙasa, kamar ana murɗa rediyo.

Don haka fara da lokacin A. A shafin da ka ambata, zaɓi ƙarfin bugu, wanda ake rubutawa Vel a jikin na'ura, ya zama shi ke juya shi. Tun da aka fito da MIDI, tsarin da na'urorin kiɗa ke aika wa juna saƙo da shi, a 1983, kowace dannawa tana tafiya da lamba daga 1 zuwa 127 da ke nuna yadda ka buga. Saita A a wajen milisakan 300 (milisakan 1000 ne sakan ɗaya), sannan ka ƙara tasirin har bugu mai ƙarfi ya gajarta shi zuwa 20 ko 30. Kada ka bari ya kai sifili, don za ka fara jin ƙas-ƙas a farkon kowane sauti.

A nan akwai tarko. Wasu na'urori lokaci suke ƙirgawa, babbar lamba na nufin jinkiri. Wasu kuma sauri suke ƙirgawa. Sintesaizar Yamaha DX7 ta 1983 tana da matakai huɗu da saurin tafiya huɗu, daga 0 zuwa 99, kuma a wurinta 99 shi ne mafi sauri. Saboda haka alamar tarawa ko ta ɗebewa ba ta da ma'ana ɗaya a ko'ina. Kai tasirin ƙarshe, buga a hankali, buga da ƙarfi, kunnenka zai gaya maka ɓangaren da ka nufa. Sannan ka dawo da shi baya.

Na biyu shi ne wurin da maɓallin yake. Saurari fiyano na gaske: igiyoyin hagu dogaye ne masu kauri, suna daɗewa suna amo, na dama gajeru ne, da ka taɓa sun mutu. Sa matsayin maɓalli ya riƙa gajarta D da R yayin da kake hawa dama. Ga sauti mai kama da garaya ko kuntigi, inda S take a ƙasa ƙwarai, wannan ya fi komai tasiri. Ga goge, ɗan kaɗan ya isa.

Batun matakai ba shi da wahala. Bar bugu mai ƙarfi ya ɗaga ƙololuwa sosai, amma ya ɗaga S kaɗan. Sai sautin ya shigo da kaifi ya kwanta, maimakon ya tsaya yana danne muryar mawaƙi. Ga sauti irin na algaita, wadda mai busa ba ya yanke numfashi, bar S a sama ka ƙyale ta.

Za ka iya ɗaura lokutan a kan ɗan gargaren murɗawa (mod wheel) da ke hagun fiyanon lantarki, amma ka sani na'urori da dama suna karanta darajar ne a farkon dannawa ko a farkon kowane zango, wato A, D ko R. In ka murɗa a tsakiyar sauti ba ka ji komai ba, ba lalacewa ba ce, canjin zai bayyana a dannawa ta gaba.

Kafin duk wannan ma, duba abu ɗaya. In da linzamin kwamfuta kake zana kiɗan a manhajar FL Studio, kowane sauti yana shigowa da ƙarfin bugu ɗaya, kuma duk saitin da ya dogara da ƙarfin bugu ba zai motsa ba. Haka in an kashe jin taɓawa a jikin fiyanon, abin da wasu ke yi don ƙara ta daidaita. Kunna shi, buga layin gogen da hannunka, in ya so ka gyara lokacin shigar kowane sauti daga baya, amma ka bar lambobin bugun yadda yatsunka suka ajiye su.