Kafin ku zuba siminti a mahaɗar nan, ku fara zama ku kalle ta

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya tashi kafaɗun yaron nan, Ya ba iyayensa haƙuri. Ka ce inda layinku ya fito ya haɗu da babban titi ya zame muku abin tsoro, mota ta bige ɗan maƙwabcinka yana dawowa daga Islamiyya, matasa sun tara kuɗin siminti za su zuba bamp, wato tudun rage gudu, da dare, kana tambaya ko a bar su ko akwai wata hanya.

Ni tela ne a nan cikin garin Bauchi. Shagona yana fuskantar irin wannan mahaɗar, keken ɗinkina a bakin ƙofa yake, don haka duk ƙarar birkin da aka taka a wurin a kunnena take ƙarewa. Don Allah ka roƙi yaran nan su dakata. Mu mun yi abin da suke shirin yi, kuma ina cikin waɗanda suka ba da kuɗi.

Bayan an bige wata yarinya a wurinmu, cikin zafin rai muka zuba tudu a dare ɗaya. Siriri ne, dogo, kamar kunyar dankali. Ba fenti, ba allon gargaɗi, ba fitila. Ba a yi mako ba wani mai babur da bai san da shi ba ya zo bayan isha'i ɗauke da matarsa, ita kuma da goyo. Ya hau tudun, matar ta faɗo, ta karye a kafaɗa. Allah Ya tsare jaririn. Ni na riƙe shi yana tsala kuka har aka samo motar da ta kai uwar asibiti, kuma har yau in na tuna da hannunmu muka gina abin, sai jikina ya yi sanyi. Bayan haka masu mota suka koyi kauce wa tudun ta gefen titi, wato daidai inda yara suke bi da ƙafa. Da damina ta zo ya tare ruwa, kwalta ta farfashe a wurin. Mu da kanmu muka sa diga muka fasa shi.

Abin da ya kamata mu fara yi, sai daga baya muka yi shi. Ni da wasu dattawa biyu muka sayi littafin makaranta, muka riƙa zama a bencin shagona safe da yamma, muna rubuta duk lokacin da aka taka birki da ƙarfi ko aka kusa bige wani: ƙarfe nawa, daga ina motar ta fito, me ya tare wa direba gani. Da muka zauna muka karanta, sai muka ga kusan duk abin a lokaci biyu yake faruwa, fitowa makaranta da safe da kuma dab da magariba. Titin namu gabas da yamma ya miƙe, bayan la'asar rana tana dukan idon duk wanda ya nufi yamma, ga ƙura in hunturu ya shigo. A daidai lokacin ne kuma ake sakin 'yan Islamiyya gaba ɗaya.

Amma babban abin da ya ba mu mamaki shi ne bakin kwanar kansa. Masu Keke Napep sun mai da wurin tasha, suna jere har kan kwalta. Ga kwantenar mai cajin waya a ɗaya gefen, ga allon talla. Yaro ɗan shekara bakwai bai kai tsayin keke ba. Yana fitowa daga bayansa, shi bai ga mota ba, direba bai gan shi ba. Ka gwada da kanka gobe: ka je inda yara suke tsayawa, ka durƙusa daidai tsayinsu, ka duba hagu da dama. Ranar da na yi haka, ban ga komai ba sai bayan keke.

Ga lissafin da ya sa na daina ɗora komai a kan ganganci kawai. Dokar hanya ta ƙasar nan ta ba ƙananan motoci kilomita 50 a awa a cikin gari. Motar da ke wannan gudun tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin direba ya ma ɗaga ƙafa ya kai kan birki. Kafin ta tsaya cak a busasshiyar kwalta, ta doshi mita 28. In kilomita 30 take yi, wajen mita 13 ta tsaya. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take kira da a mai da gudu 30 a duk inda mutane da motoci suke cakuɗuwa. Ka ga ko direban da bai karya doka ba zai iya kashe yaro in bai hango shi da wuri ba. Abu biyu ke nan ake nema a mahaɗa: a gani tun daga nesa, a kuma iso a hankali.

Na farkon ba ya cin kuɗi, haƙuri yake ci. Ba mu je da faɗa ba. Mai unguwa ya kira shugaban masu keke na wurin da mai kwantena, liman yana zaune, muka buɗe musu littafin. Wurin neman abincinsu ne, ba a ce wa mutum tashi kawai. Aka yarda su ja baya kamar taku ashirin daga bakin kwanar, matasa suka taimaka aka matsar da kwantenar, muka binne tsofaffin tayoyi muka shafa musu farin fenti don kada a sake tsayawa a wurin. Ba zan ɓoye maka ba, baƙin masu keke sukan dawo su tsaya, sai an yi ta tuni. Amma tun daga makon ƙarar birki ta ragu, kunnena shaida ne. Shugaban Islamiyya kuma ya yarda a riƙa tashin yara da ɗan sauran rana, aji-aji, manya biyu suna tsallakar da su sanye da riga mai ƙyalli.

Na biyun, wato rage gudu, shi ne yake buƙatar hukuma, kuma a nan ka fara sanin titin na wa ne. Manyan hanyoyin da suka fita zuwa Jos, Gombe, Maiduguri da Ningi na Gwamnatin Tarayya ne, Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da FERMA, hukumar gyaran hanyoyin tarayya, ke kula da irinsu. Titunan cikin gari kuwa galibi na jiha ne, ƙananan layuka na ƙaramar hukuma. Mu takardarmu ta farko inda ba a da iko da titin muka kai ta, laifinmu ne, muka yi asarar watanni. Ku fara da ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC. Tun 1988 wannan ne aikinsu, za su iya zuwa su duba wurin, kuma maganarsu tana ƙara wa takardarku nauyi. Takardar ta fito da sa hannun mai unguwa da shugabannin makarantu, a haɗa da hotuna da abin da kuka rubuta a littafi, a ba kansila kwafi. Ku ware mutum ɗaya mai sanyin hali wanda zai riƙa bibiya, don takardar da ba a bi ba a cikin fayil take kwana.

Kada ku rubuta "a taimaka mana" kawai, ku faɗi abin da kuke so. Tudun rage gudu na ƙa'ida tsayinsa bai wuce santimita 10 ba, amma yana da faɗi, mita uku zuwa huɗu, mota tana hawa a hankali ta sauka a hankali, babur ma ba ya tuntsurewa. Kafin mahaɗa ake sa shi ta kowane ɓangare, da fenti, da allon gargaɗi tun daga nesa, da fitila a kansa, a kuma bar wa ruwa hanya. A ra'ayina kada ku ɓata ƙarfinku kan neman danja a ƙaramar mahaɗa, in ta mutu ko ba mai tsare ta, sai yaro ya amince da ita direba ya ƙi. Zanen tsallakawa shi kaɗai ma haka, sai an haɗa shi da tudu yake aiki.

Abu ɗaya kuma da nake so ka faɗa wa matasan da babbar murya: in tsautsayi ya sake faɗawa, kada a taɓa direba. Tsoron duka ne yake sa da yawa su gudu su bar wanda suka bige a kwance, alhali motarsu ce mafi kusa da za ta kai shi asibiti. A kira 122, lambar gaggawa ta FRSC, kuma kada a ciccibi wanda ya bugu a kai ko a wuya yadda aka ga dama.

Kuɗin simintin nan kada a mayar wa kowa. Ya isa fenti, da riguna masu ƙyalli, wataƙila har da somin kuɗin fitilar sola guda. Su matasan ka ba su littafin, su raba kansu safe da yamma na mako ɗaya, don zafin da suke ji yana buƙatar aikin yi. In kun gama, ka faɗa mini abin da kuka gani da kuma ko titin na tarayya ne ko na jiha, zan nemo kwafin takardar da muka rubuta a karo na biyu in ba ka ku gyara ta daidai da wurinku.