Tambayoyinku: Anti, ya zan yi Sadik ya hana Nura kisa ba tare da ya koma mai wa'azi ba?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya yara. Ni sabuwar marubuciya ce, ina sakin littafina a guruf ɗin WhatsApp kullum bayan isha'i, yanzu kuma wallahi na maƙale na rasa gaba na rasa baya. Labarin Nura ne da amininsa Sadik, lungu ɗaya suka tashi a cikin birnin Kano, Nura tela ne shi kuma Sadik yana jan Adaidaita Sahu. Ƙanin Nura mai suna Abba ɗan shekara 17 yana dawowa daga makarantar dare masu ƙwacen waya suka soka masa wuƙa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. An kama wanda ake zargi, wani ɗan daba da ake kira Gwaska, ba a jima ba sai ga shi yana yawonsa a unguwa har yana zama majalisa. To yanzu Nura ya sayi wuƙa kuma ya san kangon da Gwaska yake kwana. So nake Sadik ya hana shi, amma duk sanda na rubuta wurin sai Sadik ya koma kamar liman a kan mumbari, aya hadisi aya hadisi, ni kaina in na karanta sai in ji bai shige ni ba balle Nura. Ga 'yan guruf sun tasa ni a gaba wai in bar shi ya rama, ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Wata kuma ta ce in sa a gano ba ma Gwaska ne ya yi kisan ba shi ke nan kowa ya huta. Dan Allah ya zan yi? Kuma a shari'a ai Nura yana da haƙƙin jinin ƙaninsa ko ba haka ba?
Ƙanwarki daga Zariya.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Bari in fara kawar da shawarar ƙawar taki don ita ce ta fi haɗari. Kar ki kuskura ki wanke Gwaska. In kika ce ashe ba shi ne ya kashe Abba ba, kin gaya wa masu karatu ke nan cewa da shi ne da Nura ya yi daidai, kuskuren mutum kawai ya so yi. Bar shi a matsayin wanda ya yi, kowa ya sani, har ya riƙa wucewa ta ƙofar shagon Nura yana taunar rake. A haka ne aikin Sadik zai yi nauyi.

Abin da ya sa Sadik ɗinki yake fita kamar liman, kin ɗora masa aikin da ba nasa ba. Kina so ya gamsar da Nura. Mutumin da ya wanke gawar ƙaninsa da hannunsa ya ga wurin da wuƙa ta shiga ba a gamsar da shi a dare ɗaya, kuma duk ayar da Sadik zai jawo Nura ya riga ya ji ta a zaman makoki daga bakin mutum ɗari, "sai haƙuri, sai haƙuri, kwanansa ne ya ƙare", har kalmar haƙurin ta fara ba shi haushi. Aikin Sadik ƙarami ne ƙwarai, ya kai Nura asuba hannunsa babu jini. Gobe kuma ya sake. Ba ya neman ya yafe, ba ya neman ya daina fushi, daren yau kawai yake roƙo. In kika kalli wurin ta haka za ki ga maganar baki ta ragu, jiki ne zai yi aiki. Sadik ya ajiye Adaidaitarsa ya yi asarar balas ɗin da zai kai wa mai ita, ya kwaso tabarmarsa ya shimfiɗa a bakin ƙofar ɗakin Nura ba tare da ya ce me ya kawo shi ba. Ya yi masa ƙarya ma in ta kama, ya ce Gwaska ya gudu Kaduna. Ya ɗauke makullin babur. Ya je ya tado Hajiya, mahaifiyar Nura, cikin dare duk da sun yi alkawari tun suna yara ba mai kai ƙarar wani gida.

Ki kula da lokaci kuma. A garuruwanmu ana binne mamaci a ranar, a yi zaman makoki kwana 3, gida cike, ana ta shigowa da kwanukan abinci, mutum bai ma samu sukunin jin zafin ba. Ranar da aka naɗe tabarmi aka mayar da kujerun haya kowa ya koma kasuwarsa, ranar ce ɗaki yake yin shiru ya ga takalmin yaron a inda ya cire shi. Nan ne wuƙa take shigowa rai. Aboki na gaske a labari shi ne wanda ya san wannan ya dawo bayan kowa ya watse, don haka ki matso da zuwan Sadik nan, kar ki bari sai Nura ya kama hanyar kango sannan ya faɗo kamar an jefo shi.

Yanzu tambayarki ta shari'a, kuma na ji daɗi da kika yi ta don marubuta da yawa suna zuba abin da suka ga dama a nan. E, akwai haƙƙin jini. Aya ta 33 a Suratul Isra'i ta ce wanda aka kashe bisa zalunci an ba waliyyinsa hujja, amma a nan take ta ce kada ya wuce iyaka wajen kisa. Aya ta 178 da 179 a Baƙara su ne na ƙisasi da diyya da rangwame. Sai dai malamai ba su bar wa waliyyi ya ɗau wuƙa ya bi dare ba, alƙali ne yake tabbatar da laifi da shaidu ko iƙirari sannan hukuma ta zartar, kuma in mahaifinsu yana raye shi ne a gaban Nura a wannan magana. Akwai ma wani abu da zai yi miki amfani sosai, a mazhabar Malikiyya da muke bi kisan gilla, irin wanda ake yi wa mutum don a ƙwace abin hannunsa, ba ya cikin wanda dangi suke yafewa, yana nan a Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu. Kin ga ke nan Sadik ba sai ya ce "ka yafe masa" ba, abin da zai ce shi ne wannan hukunci ba a hannunka yake ba. Ki samu malamin fiƙihu ya warware miki shi da kyau kafin ki rubuta.

Ta ɓangaren dokar ƙasa kuma, kundin Penal Code da jihohin Arewa suka gada tun 1960, sashe na 221 hukuncin kisa ya tanada ga wanda ya kashe da gangan. Sashe na 222 ya yi sassauci ga wanda aka tunzura shi nan take har hankalinsa ya gushe, amma wanda ya je kasuwa ya yi cinikin wuƙa ya yi kwanaki yana bibiyar inda mutum yake kwana, wace tunzura ta nan take zai faɗa wa alƙali? Wannan Sadik zai iya faɗa da harshen ɗan Adaidaita ba na lauya ba: "Hajiya ta binne ɗaya, so kake ta riƙa kai wa ɗayan tuwo gidan yarin Kurmawa?" Layi ɗaya ya isa. Af, ki gyara wani wuri ma, zargin kisan kai ba abin da ake ba da beli a kansa a caji ofis ba ne bisa doka, sai babbar kotu kuma da ƙyar. To me ya fito da Gwaska? Ki ba mu dalili. Mafi kusa da gaskiya shi ne ba wanda ya yarda ya ba da shaida, mai shayin da abin ya faru a gabansa ya ce shi bai ga komai ba saboda yana da 'ya'ya. In kika yi haka kin samar wa Sadik abin da zai miƙa wa Nura a madadin wuƙar, su bi mai shayi su bi mai unguwa su nemi lauya su yi ta sintiri, abu mai cin rai mai cin kuɗi wanda ba tabbas. Kar ki yi wa masu karatu alkawarin kotu za ta share hawaye, su ma 'yan ƙasar nan ne. Amma mai fushi yana buƙatar inda zai kai ƙafarsa da safe.

Ba cewa na yi ki cire addini ba fa, mutanenki Musulmi ne a Kano, in babu shi ma labarin ƙarya ne. Ki sa shi a aikace. Hadisin Anas da ke cikin Bukhari, ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, da aka tambaya ya za a taimaki azzalumi aka ce ka hana shi zaluncin, to ai shi ne labarinki gaba ɗaya, ba sai wani ya karanto shi ba. Haka umarnin mai fushi in yana tsaye ya zauna, ki sa Sadik ya yi ta fama da shi "zauna tukunna, ni dai zauna ka gaya min", mai karatu da ya sani zai gane da kansa.

Sannan ki karanta labarin Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a yaƙin Uhudu shekara ta 3 bayan hijira. Da ya musulunta Annabi (SAW) ya karɓe shi bai taɓa shi ba, amma ya tambaye shi ko zai iya kawar da fuskarsa daga gare shi. Ni wannan wurin yana taɓa ni fiye da yadda zan iya faɗa, an bar mutum da ransa amma ba a ce zafin ya tafi ba. To kar ki sa Nura ya rungumi Gwaska a fejin ƙarshe ana hawaye, wallahi in kika yi haka ni da kaina zan shigo guruf ɗin in yi miki tsiya. A nan kusa ma ga Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna, a rikicin 1992 Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu Wuye kuma ya rasa hannunsa na dama, a 1995 suka fara aikin sulhu tare, amma Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa ya yi shekaru suna tafiya tare yana jin kamar ya kashe Ashafa. Mutanen da suka zama abin misali a duniya ke nan. Don haka Nura ya ajiye wuƙa yau ya sake nemanta bayan sadakar arba'in ba rauni ba ne a labarinki, haka mutane suke.

Abu na ƙarshe kuma shi ne wanda marubuta suka fi tsallakewa, me Sadik ya rasa? In ya hana kisa ya koma gida lafiya ƙalau kowa yana sa masa albarka, ba a yi komai ba. Dole Nura ya gaya masa maganar da ba ta goguwa, "da ƙaninka ne da ba ka tsaya kana min lissafi ba", ko ya ce an saye shi, ko wajen ƙwace wuƙar ta yanke shi a tafin hannu ya yi sati bai riƙe kan Adaidaita ba. 'Yan majalisa su riƙa ce masa matsoraci. Shi kansa ki sa shi shakka, Abba a gabansa ya girma, shi yake kai shi makaranta kyauta, wani sashe na zuciyarsa yana so a bar Nura ya tafi, kuma ranar da aka ce Gwaska ya sake sukan wani yaron ki bar Sadik ya zauna da wannan tambayar shi kaɗai kar ki amsa masa.

'Yan guruf kuwa ki bar su su yi ta kumfar baki, mai cewa a rama yana kwance a kan katifa da waya a hannu ne, kuma ihun nasu alama ce labarin ya kama su. Ki rubuta daren nan a fej biyu ko uku kar ki yi sauri, maganar Sadik duka kar ta wuce layi goma, sauran ki bar wa ƙofa da makulli da Hajiya da ke tsaye a tsakar gida ba mayafi. In kin gama ki turo min in gani kafin ki saka, musamman wurin mai shayin, don ina zargin za ki so ki mai da shi mugu alhali tsoro ne kawai yake ji.