Ko barci na nuna maganin ciwon damuwa zai yi aiki?

'Yar'uwa, kin ce mijinki ya yi mako 2 yana shan maganin ciwon damuwa mai suna fluoxetine amma har yanzu ƙarfe 3 na dare idonsa biyu, kina tambaya ko maganin bai karɓe shi ba.

Kada ki yanke hukunci tukuna. Irin waɗannan magunguna kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin amfaninsu ya fito sosai, kuma shi fluoxetine kansa yakan hana barci da farko, shi ya sa ake shan sa da safe.

Amma tambayarki na kan hanya, barci na nuna abubuwa da yawa. Wanda zuciyarsa ta sake amma rashin barcin bai tafi ba, ya fi kusa da ciwon ya dawo masa, don haka dole a magance rashin barcin daban. Idan yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa na ɗaukewa, wannan ma kan hana magani aiki.

Ki riƙa rubuta lokacin da ya kwanta da lokacin da ya farka, ku kai wa likita. Idan kuwa kika ga barcinsa ya ragu, ga ƙarfi da yawan surutu, ko yana zancen mutuwa, ku je asibiti ranar. Kada ya daina maganin da kansa.